Malamin Ƙauye, Babur da Ruwan Satumba

Masu nazarin kalmomin aro suna danganta kalmar babur da wata kalma da Larabawan Masar da na Magrib suke kiran injin tururi da ita, har ma da jirgin ruwa mai tafiya da tururi. Su ma Larabawan aro suka yi daga sunan da mutanen Faransa da Italiya suke kiran tururi da shi. Idan haka ne, to kalmar ta fara rayuwarta ne a kan teku, kafin ta sauka a kan ƙarfen nan mai taya biyu da ke kai malamin ƙauye makaranta. Amma fa suna kawai babur ya gada daga jirgi. Shi kansa ba shi da abokin gaba kamar ruwa, kuma da yawa daga masu hawansa ba sa gane haka sai ranar da ya mutu musu a tsakiyar kwari, ruwa yana dukan gwiwa.

Ga malamin da aka tura ƙauye, babur shi ne ƙafa, a wasu gidajen ma shi ne mafi tsadar abin da aka mallaka in aka ɗebe gona. Da wuya a sami wanda ya saye shi kuɗi hannu. Ko dai adashi aka yi shekara ana zubawa, ko kuma rance aka ci daga ƙungiyar taimakon kai da kai ta malamai, ana yankar albashi wata bayan wata. A shekarar 2022 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 30,000 ne, ƙaramin malamin firamare kuwa bai yi wa wannan adadi nisa ƙwarai ba. Babur ɗin nan ne zai kai shi aji da safe, ya kai uwargida awo asibiti, ya ɗauko buhun taki, idan wata ya yi nisa kuma ya ɗan taɓa acaɓa da yamma a unguwar da ba a san shi ba. Saboda haka duk abin da ya taɓa injin, to ya taɓa tukunyar gidan.

Wanda bai san kwarin Haɗeja ba zai yi mamakin yadda ruwa kan cinye hanya a ranar da ko ɗigo bai sauko daga sama ba. Dalili kuwa shi ne ruwan baƙo ne, daga nesa yake zuwa. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim, ya gangara gabas zuwa Haɗeja da fadamun Nguru. A kan na farkon aka gina madatsar Tiga a 1974, a kan na biyun kuma madatsar Challawa a 1992. Idan damina ta yi ƙarfi a can sama, koguna suka tumbatsa, sai ruwan ya yi kwanaki a hanya kafin ya iso. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, ga kacalla, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a yankin, ta yadda kogin kan rasa mafita ya fantsama cikin gonaki da kan tituna. Shi ya sa ambaliyar wannan yanki ta fi tsananta daga ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba, daidai lokacin da makarantu suke shirin komawa zangon farko.

Daminar 2022 tana cikin waɗanda za a daɗe ana tunawa da su. A faɗin Nijeriya mutum fiye da 600 suka rasu, fiye da miliyan 1 suka bar muhallinsu, Jihar Jigawa kuma tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. A garin Haɗeja mutane sun yi ta kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa suna jerawa don kada ruwa ya faɗo gari. A ƙauyuka kuwa, inda gidajen ƙasa suka narke, azuzuwan makaranta ne suka zama masauki, tunda galibi su ne ginin siminti da ke akwai.

A cikin wannan hali ne wani malami, da ke zaune a gari yana koyarwa a wani ƙauye mai nisan kilomita 12, ya sami saƙon hedimasta da sassafe. An sauke iyalai a azuzuwa, ruwa kuma ya fara lasar harabar makaranta, ga rajistoci da takardun sakamakon yara na shekaru da dama a ƙasan kabad a ofis, mabuɗin ofis kuwa yana aljihun malamin. Duk wanda ya taɓa ganin fuskar saurayin da ya zo neman shaidar kammala firamare aka ce masa takardu sun lalace, ya san ba ƙaramin abu ne ya fitar da wannan malami daga gida ba. Ya tayar da Boxer ɗinsa, wanda saura wata 7 ya gama biyan kuɗinsa, ya kama hanya.

Bai sami matsala ba sai da ya zo inda titi yake gangarawa fadama, wurin wani kwalbati. Nan ya tarar ruwa ya shafe kwalta na tsawon da ya kai filin ƙwallo biyu, ja wur kamar kunun kanwa, yana tafiya daga hagu zuwa dama ba tare da ƙara ba. A bakin ruwan an yi kasuwa. Ga 'yan fito da kwale-kwale, ga samari masu zura sanduna ta ƙarƙashin babur su huɗu su saɓa shi a kafaɗa, ga kuma 'yan kallo, waɗanda ba a rasa su a irin wannan wuri. Wani dattijo mai kwale-kwale ya dube shi ya ce, "Malam, jiya da la'asar iyakarsa idon sahu, yau ga shi yana neman gwiwa. Kawo mu ɗora maka shi." Malamin ya tambayi kuɗin, ya ji ya kai na man kwana biyu. Ya ce, "Baba, ai yanzun nan na ga wani ya tsallake." Dattijon ya ce, "Ya tsallake, Malam, amma shi ɗan nan ne, ya san inda kwalta ta tsaya."

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Wannan magana ba ta aiki a kan ruwan ambaliya, domin ruwan da ya ɗauko laka ba ya nuna ƙasansa. Mai kallo daga gaɓa ba zai san ko gefen titi ya zaizaye ba, ko kwalbatin da ya saba bi ta kansa ya rufta da dare. Haka kuma shirun ruwa yana ruɗar mutum game da ƙarfinsa. Ruwan da ya cika akwati mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa kilo 1,000 ne, alhali babur irin na malamin bai wuce kilo 100 da ɗoriya ba. Idan saurin ruwa ya ninka sau 2, ƙarfin turinsa ninkawa yake sau 4. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya tafiya da ƙaramar mota. Santimita 30 ɗin nan ita ce tsawon rular da yara suke ja layi da ita a aji.

Waɗanda suka saba da hanyoyin fadama suna da ƙa'idarsu. Sukan sauka su taka ruwan da ƙafa, da sanda a hannu, kafin su sa taya. Idan ya wuce tsakiyar taya, ko yana jan ƙafa, sukan kashe inji, su toshe bakin salansa da tsumma ko leda, su tura, ko kuma su haƙura su biya 'yan fito. Idan bai kai haka ba, sai a shiga da giya ta ɗaya, a riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, a rage gudu da kuloci, domin muddin inji yana aiki hayaƙin da ke fita yana hana ruwa shiga ta salansa. Abin da suka fi kiyayewa shi ne kada su haɗu da babbar mota a cikin ruwa. Malamin ya san rabin wannan ilimi. Ya naɗe ƙafar wando, ya sa giya ta ɗaya, ya yi bisimilla ya shiga.

Ya ci fiye da rabin ruwan lafiya. Yana jin yadda tayar gaba take son karkata dama, yana mayar da ita, har 'yan kallo sun fara yaba masa. Sai ga wata tifa ta shigo daga ɗaya ɓangaren, direbanta yana sauri don shi ma yana tsoron tasa ta mutu. Igiyar ruwan da ta turo ta daki babur ɗin har gindin sirdi, daidai inda akwatin matatar iska yake. Inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Duk wanda ya taɓa hawa babur ya san abin da ƙafar dama take yi idan inji ya mutu: ba ta jiran umarnin kai, kan kik take zuwa. Daga gaɓa kuma murya ta fi goma tana cewa, "Buga, Malam, buga kafin ya huce!" A cikin wannan hayaniya ce ya jiyo dattijon nan yana ɗaga murya, "Malam, kada ka taɓa! Sauka ka tura!" Abin da ya sa ya bi maganar mutumin da ya ƙi bin shawararsa minti biyar da suka wuce, wataƙila kunya ce. Ya sauke ƙafa, ya murɗa makulli ya kashe, ya sauka cikin ruwa. A bayansa akwai wani mai fataucin kifi da kwanduna biyu, wanda igiyar nan ta kashe masa nasa shi ma. Shi kam ya buga, ya sake bugawa, a karo na uku inji ya kama. Ya murza totur iya ƙarfi don murna, 'yan kallo suka yi shewa, sai aka ji wata ƙara ƙwas, kamar an buga guduma a kan maƙera. Daga nan kik ɗin ma ya ƙi motsi.

Bakanike idan ya ga irin wannan, cewa yake inji ya sha ruwa. Aikatau ɗin nan sha yana da faɗi a Hausa, ana shan wahala, ana shan kashi, ana shan iska, kuma a kan inji ma'anarsa ta zo daidai. Mutane sun fi lura da shan mai domin shi ake saye, amma inji ya fi shan iska nesa ba kusa ba: a ma'aunin nauyi, kowane kashi 1 na fetur yana bukatar kusan kashi 15 na iska. Fistan yakan sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wannan zagaye yana faruwa sau dubbai a cikin minti ɗaya. Duk hikimar tana wurin matsar nan, domin iska tana yarda a matse ta.

Ruwa kuwa ba ya matsuwa. Injin da ake cewa si-si 100 yana zuƙar mililita 100 ne a duk lokacin da fistan ya sauka don zuƙa, idan ya hau kuma sai ya matse abin zuwa kusan kashi 1 cikin 9. Gurbin da ke saura a sama ke nan bai wuce mililita 12 ko 13 ba. Babban cokali yana ɗaukar mililita 15. Wato ruwan da bai cika cokali guda ba ya isa ya tsaya wa fistan kamar dutse. Idan hakan ta faru inji yana gudu, ƙarfin juyawar ba shi da inda za shi, sai ya sauka a kan sandar ƙarfen da ke riƙe da fistan ta lanƙwashe, wani lokaci ta karye ta fasa jikin inji. Injin malamin ya mutu ne a hankali, soson matatar iska ya jiƙe ya shaƙe shi kafin ruwa mai yawa ya wuce ciki. Ragowar ruwan yana kwance a akwatin yana jira. Na mai kifi ma haka ya fara, bugu na uku da murza totur ne suka zuƙe abin da ke kwance gaba ɗaya.

Samari biyu suka kama wa malamin aka tura zuwa tudu. A nan wani ɗan aji shida ya gane shi ya rusuna ya gaishe shi, sai ya ba shi mabuɗin ya ce ya ruga ya kai wa hedimasta. Mabuɗi dai abu ne da kwale-kwale zai iya ɗauka tun farko ba tare da babur ba, amma wannan tunani yakan zo ne bayan an jiƙe. A gindin wata darbejiya da ke bakin hanya akwai bakanike, mutum mai furfura a gemu, da yaronsa guda. Tun safe aikinsu ke nan. Bai taɓa babur ɗin ba sai da ya yi tambaya: ina ruwan ya kai, kuma an buga bayan ya mutu? Da ya ji ba a buga ba, ya ce, "To Malam, ka taimaki aljihunka. Zauna nan ka gani da idonka, domin wata rana za ta same ka inda babu ni."

Ya fara da akwatin matatar iska. Yana kwance murfin sai ruwa ya zubo, soson kuma ya fito a jiƙe sharkaf da laka. Ya miƙa wa yaronsa ya wanke ya matse ya shanya, ya ce da ta takarda ce sai dai a jefar, domin takarda in ta jiƙe ta gama aiki ko ta bushe. Daga nan ya kwance fulogi, ya nuna wa malamin ɗigon ruwa a bakinsa. Suka rufe famfon mai, suka ɗaga tayar gaba sama har babur ya tsaya a kan ta baya, sai ga jan ruwa yana kwarara daga salansa, wanda ya shiga bayan da hayaƙi ya daina fita. Suka sauke. Sai a lokacin ne ya ce wa yaron ya taka kik, makulli a kashe, ramin fulogi a buɗe. Kowane taku sai feshin ruwa ya fito ta ramin kamar na mai guga. Aka yi ta yi har ya koma iska zalla, sannan ya ɗiga baƙin mai kaɗan a ciki don kada bangon silinda ya yi tsatsa.

Da ya zo kan kafireto sai ya ɗauko gindin gorar ruwa da aka yanke, ya tara a ƙasa, ya sassauta ɗan sukurun da ke gindin kwanon. Fetur ya zubo, a ƙarƙashinsa kuma wasu ƙwallaye suna birgima kamar idon kifi. Ruwa ya fi fetur nauyi kuma ba sa gauraya, shi ya sa yake kwanciya a ƙasa, daidai inda inji yake zuƙa. Babur mai irin wannan ɗigo zai tashi, ya yi tafiya, sannan ya riƙa shaƙewa a kan hanya mai shi yana zargin gidan mai. Ya tsiyayi kaɗan daga famfon tanki ma ya ɗaga wa rana, ya ga wannan kam lafiya lau.

A kan baƙin mai ne suka yi gardama. Bakaniken ya zaro ma'auni ya goga a yatsa, mai ya fito da launin shayin da aka cika wa madara. Ya ce a zubar, a zuba sabo, a tayar na 'yan mintoci, a sake zubarwa a zuba wani. Malamin ya ce bai fi sati biyu da yin juye ba, kuma lita biyu a rana ɗaya ai ɓarna ce. Ya ce, "Oga, a zuba ɗaya mana, in ya so ƙarshen wata na sake." Bakaniken ya ce, "Malam, ƙarshen wata ba mai za ka saya ba, inji za ka buɗe."

Gaskiya tana wurin bakanike, ko da yake ba wanda zai ga laifin mai ƙirga kwanakin albashi. Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana su gogar juna. Idan ya cakuɗa da ruwa sai ya rasa wannan kauri, ga shi kuma ruwan ambaliya ba ya zuwa shi kaɗai, yana tafe da ƙasa mai laushi wadda ke cin ƙarfe kamar yadda toka ke cin bayan tukunya. A irin waɗannan babura mai ɗaya ne yake wanke inji da giya da kuloci, saboda haka duk inda ya zaga da ƙasar yake zagawa. Juye na farko ba ya fitar da abin da ya maƙale a lunguna. Sabon man da aka zuba shi ne yake kwaso shi, shi ya sa ake zubar da shi duk da sabuntarsa. Ruwan yakan shiga ta bututun numfashin inji, musamman da yake inji mai zafi idan ya huce farat ɗaya iskar cikinsa takan tsuke ta jawo abin da ke waje. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, amma ruwa ko tsagar ba ya jira, ƙofofin da aka bar wa iska sun ishe shi. Daga ƙarshe suka daidaita: a yi wankin da mai mai araha, a rufe da mai kyau.

Aka busar da fulogi da hularsa, aka mayar da soso bayan an shafa masa mai kaɗan. A bugu na huɗu inji ya kama, salansa ta yi ta fitar da farin tururi na ɗan lokaci. Fuskar malamin ta washe, ya miƙe yana laluben aljihu. A nan ne mafi yawan mutane suke yin sallama, domin a wurinsu babur in ya tashi ya warke. Bakaniken ya kasa kunne ya saurari ƙarar tukuna, ko akwai ƙwanƙwasa a ciki, ya ce babu. Sannan ya ce a zauna, ba a gama ba.

Ya hau ya ɗan zaga, ya taka birki, babur ya ci gaba da tafiya kamar ba a taka ba. Birkin irin wannan babur a cikin kwano yake a tsakiyar taya, ruwa da laka in sun shiga ba sa fita da wuri. Wanda ya tsallake ruwa lafiya yakan manta da wannan, har sai akuya ta gifta masa. Idan ruwa ne kawai, tafiya a hankali ana ɗan danna birki takan busar da shi. Idan da laka, sai an buɗe an goge. Suka buɗe duka biyun. Yaron ya wanke sarƙa da kananzir ya shafe ta da mai. Aka cire mahaɗan wayoyi ɗaya bayan ɗaya ana hurawa, aka duba kan batir da makunnin fitila da na hon, domin danshin da ya kwana a cikinsu ba ranar yake nuna kansa ba, sai bayan makonni idan ya zama koren tsatsa, fitila ta ɗauke a tsakiyar daji. Ya kama kowace taya ya girgiza ta gefe da gefe, ya juya ta yana saurare. Ya ce boris bai yi magana ba tukuna, amma Malam ya riƙa kasa kunne.

Yana ƙirga kuɗi ne bakaniken ya nuna masa ƙafarsa. Akwai yanka a ƙasan ƙauri, wanda bai san lokacin da ya same shi ba. Ruwan da ya ratsa ƙauyuka ya ratsa shaddodinsu da turakun dabbobinsu, shi ya sa amai da gudawa suke bin bayan ambaliya, tsargiya kuma da ma tsohuwar cuta ce a fadamun yankin, ta fata take shiga. Aka kawo buta da sabulu ya wanke, daga baya ya biya ta ɗakin shan magani aka duba. Sai bayan azahar ya isa makaranta. Ya tarar an kwashe rajistocin an ɗora a kan tebur da aka hau da shi kan wani tebur, na ƙasa guda biyu ne kawai gefensu ya jiƙe. Da yamma a kwale-kwalen dattijon nan ya koma, shi da babur ɗin, ba a kuma yi ciniki ba.

Bayan mako uku, ruwa ya janye ya bar laka da warin ruɓaɓɓen gero, sai ya fara jin wani gurnani daga tayar gaba, wanda ke ƙaruwa idan ya karya kwana. Ya koma gindin darbejiya. Da aka fitar da boris ɗin, giris ɗin cikinsa ya zama jar laka, ƙwallayen kuma sun yi zane-zane. Wannan bai ci kuɗi da yawa ba. Yana jiran a ɗaura ne ya ga wata sandar fistan rataye a ƙusa a jikin bishiyar, ta lanƙwashe kamar lauje. Yaron ya ce ta mai kifi ce, Oga ya rataye ta ne don nuna wa masu gardama. Babur ɗin mai kifin yana jingine a bayan bishiyar, an rufe buɗaɗɗen injinsa da buhun taki, an danne da dutse. An sayo sandar daga Kano, saura fistan da zobbansa, mai shi kuma ya ce a dakata masa sai ya sayar da ɗan abin da ruwa ya bar masa na shinkafa.